Gyaɗa, auduga da gashin bakin Macaulay: tambayoyi da amsoshi kan zanen sulallan Najeriya

Akwai wani gwangwanin madara da na gada a ɗakin kakata, cike da tsofaffin sulalla. Duk baƙon da na zazzage wa shi a kan tabarma, tambayoyinsa kusan irin na wanda ya riga shi ne: wannan ganyen na mene ne, wannan tsohon wane ne, me ya kawo tauraro a jikin kwabo. Su na tattara a nan da amsoshinsu.

Har yanzu akwai sulallan da doka ta yarda a kashe a Najeriya?

Akwai, guda uku: kwabo 50, naira 1 da naira 2. Babban Bankin Najeriya ya fito da su ranar 28 ga Fabrairu, 2007, lokacin Charles Soludo yana gwamnan bankin, amma idan ka duba jikinsu 2006 za ka gani. A lokacin ne kuma aka sallami ƙananan da suka rage, daga kwabo 25 zuwa ƙasa. A wurin doka waɗannan ukun kuɗi ne kamar kowane kuɗi. A kasuwa kuwa, miƙa wa mai rake ƙwandala biyu ka ga irin kallon da zai yi maka. Yara da yawa sun gama sakandare ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba.

Me aka zana a jikin waɗannan ukun?

Kwabo 50 fari ne gaba ɗayansa, da zanen masara. Naira 1 da naira 2 kowace ƙarfe biyu aka haɗa, tsakiya daban, zoben da ya kewaye ta daban. Ta naira 1 tsakiyarta ruwan rawaya ce, zobenta fari, kuma kan Herbert Macaulay ne a ciki. Ta naira 2 tsakiyarta fara, zobenta launin jan ƙarfe, da ginin Majalisar Dokoki ta Tarayya da ke Abuja, wannan mai ƙubba. Haɗa ƙarfe biyu yana da amfani iri biyu: ko da magariba ba za ka rikita su da juna ba, kuma mai buga jabu sai ya sha wuya kafin ya kwaikwaya.

Ginin majalisar shi ne baƙo a cikin jerin. Kafin shi, abin da ake gani a sulallanmu amfanin gona ne, sai rijiyar mai, sai kan mutum. An ɗora shi shekara takwas bayan sojoji sun miƙa mulki a 1999, kuma a kan mafi girman sulallan aka ɗora shi. Saƙon a fili yake.

Bayan kowanne akwai dawaki biyu da tsuntsu. Me suke nufi?

Tambarin Najeriya ke nan, wanda ƙasar ta samu a 1960, kuma tun 1973 shi ke ɗaya fuskar kowane silai. A tsakiya akwai garkuwa baƙa, alamar ƙasar noma mai albarka. Farin layin da ya yi reshe biyu a jikinta kogin Kwara ne da na Binuwai, da mahaɗarsu a Lokoja. Fararen dawakin biyu martaba suke nunawa, gaggafar da ke sama kuma ƙarfi. A ƙarƙashin ƙafafun dawakin akwai ciyawa da furanni, kuma furen ba baƙonmu ba ne: shi ne takalmin zomo, wannan da ke shimfiɗa ganye huɗu a ƙasa da farkon damina, fure rawaya ya ɓullo a tsakiyarsu. A takardu sau da yawa ja ake fentinsa, amma a daji rawaya yake. A jikin ƙarfe dai babu wannan gardama, tunda babu launi.

Rubutun da ke ƙasan tambarin yana taimakawa wajen gane tsohon bugu. Sulallan farko na 1973 "Unity and Faith" kawai ke jikinsu, wato haɗin kai da imani. A 1978 aka tsawaita taken ya koma "Unity and Faith, Peace and Progress", aka ƙara zaman lafiya da ci gaba. Silan da ka ga da gajeren take, tsohon yayi ne.

Wane ne mai gashin bakin nan da ke kan naira 1?

Herbert Macaulay, haifaffen Legas a 1864, jikan Bishop Samuel Ajayi Crowther ta wajen uwa. A Ingila ya koyo aikin injiniya da safiyo, ya dawo ya yi wa gwamnatin Turawa aiki na ɗan lokaci, ya ajiye, ya koma yi mata ƙaya a wuya ta hanyar jarida da ƙararraki. A 1923 ya kafa jam'iyyar NNDP, wadda ake lissafawa a matsayin jam'iyyar siyasa ta farko a Najeriya, a 1944 kuma shi da Nnamdi Azikiwe suka kafa NCNC, Macaulay ne shugabanta na farko.

Yana da ɗan tarihi da Kano da mutane da yawa ba su sani ba. A 1946, yana da shekara 81, ya fito rangadin ƙasa don wayar da kai kan tsarin mulkin Gwamna Richards. A Kano ciwo ya kwantar da shi, aka mayar da shi Legas, ya rasu ranar 7 ga Mayu na shekarar. Shi ya sa za ka ga 1864 da 1946 kusa da hotonsa.

Da a takarda yake. Tun 1979 hotonsa ke kan takardar naira 1, sai a 1991 aka mayar da naira 1 da kwabo 50 suka koma ƙarfe, ya bi naira ɗayarsa zuwa can. Wannan ƙwandalar ta 1991 katuwa ce, mai nauyi, guda goma sun isa su ja aljihun riga ƙasa.

Sulallan da aka fara da su a 1973 fa, me ke jikinsu?

Ranar 1 ga Janairu, 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Sulalla biyar aka fito da su. Rabin kwabo da kwabo 1 jajaye ne, na tagulla. Kwabo 5, 10 da 25 farare. Rabin kwabo auduga ke jikinsa. Kwabo 1, hasumiyoyin haƙar man fetur. Kwabo 5, koko. Kwabo 10, itatuwan kwakwar manja. Kwabo 25, babbansu, gyaɗa da dalar buhunanta.

Idan ka jera su a tafin hannu, taswirar Najeriya ce ka riƙe, amma taswirar abin da kowane yanki ke sayarwa. Auduga da gyaɗa na Arewa ne: audugar Funtuwa, Gusau da ƙasar Zazzau, gyaɗar Kano da Katsina. Koko na ƙasar Yarabawa, wanda da kuɗinsa aka gina dogon benen nan na Cocoa House a Ibadan. Manja na Gabas. Fetur na yankin bakin teku, inda aka fara samunsa a Oloibiri a 1956.

Abin da ke ba ni mamaki duk sa'ad da na jera su shi ne yadda aka raba girma. Gyaɗa aka ba kujerar gaba, fetur aka ajiye shi a kwabo ɗaya, kuɗin alewar yara. Ga kuma shekarar da aka yi rabon. A 1973 ɗin ce fari ya kai intaha a Arewa da ƙasashen Sahel. A ƙarshen shekarar ce kuma farashin mai ya tashi a duniya, cikin 'yan watanni ya ninka kusan sau huɗu. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, mai nannaɗe ganyen gyaɗa ta tsugunar da shukar, ta share gonakin Arewa. Kafin a ankara dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Sai ya zama ana kashe kwabo 25 mai hoton dala a garin da babu dalar, abin da ke kan kwabo ɗaya kuma ya haɗiye na kan sauran huɗun.

Dalar ma kanta, in an bi ta silla-silla, hoton jira ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kuma sunan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ba ya rabuwa da wannan labari. Buhunan da ake tarawa har su yi tsauni, jirgin da zai kwashe su zuwa Legas suke jira, don gyaɗar ta fi ƙarfin taragun da ake da su. Arziki ne, gaskiya, amma arzikin da ke kan hanyar fita.

Me ya sa babu gero, babu dawa, babu saniya?

Tambayar da ta fi kowace daɗi a wurina ke nan. Zanen 1973 gado ne. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, kuma sulallan da ya fitar a shekarar, masu ɗauke da sunan Tarayyar Najeriya da na Sarauniya Elizabeth ta Biyu, amfanin gona huɗun nan ne dai a jikinsu: taro (tsohon kwabo uku) da auduga, sisi (tsohon kwabo shida) da koko, sule da ganyen kwakwar manja, sule biyu da shukar gyaɗa. A 1973 aka cire kan Sarauniya aka sa tambari, aka ƙara fetur, aka ɗan sauya wa amfanin kujeru. Koko ya zauna inda yake, don sisi shi ne ya zama kwabo 5. Manja ma haka, sule shi ne kwabo 10.

Huɗun nan duk kayan da jirgin ruwa ke ɗauka ne zuwa Turai, waɗanda hukumomin sayen amfanin gona ke saye a hannun manomi a farashin da suka yanka, su sayar a waje, rarar ta shiga baitulmali. Gero da dawa da doya da rogo su ke riƙe da cikin mutane, amma ba sa kawo wa gwamnati kuɗin waje, don haka mai zane bai gan su ba. Abincin tukunya bai hau silai ba sai a 1991, da masara ta samu kwabo 50. A wannan bugun an bar rabin kwabo da kwabo 5, wato auduga da koko sun sauka, amma gyaɗa ta ci gaba da zama a kwabo 25, shekara biyar bayan an rushe hukumomin sayen amfanin a 1986.

Saniya sai a takarda. Tana bayan naira 200, wadda ta fito a 2000 da hoton Sardauna, tare da dalar buhuna. Bayan naira 10 kuma 'yan matan Fulani ne da ƙwaryar nono a ka.

Tauraron nan mai tsini shida da ke kan tsohon kwabo, na Yahudawa ne?

Kusan kowa wannan yake fara tambaya, wasu har da ja da baya. Alamar ta girmi ƙasar Isra'ila ta yau nesa ba kusa ba, kuma Musulmi sun daɗe da saninta da sunan hatimin Annabi Sulaimanu. Tana jikin tsofaffin sulallan tagulla na Maroko, tana cikin adon gine-gine da kayan ƙira a ƙasashen Musulmi da dama. Gwamna Lugga da kansa ya bayyana cewa a murfin wata butar tagulla ya gan ta, wadda sojojinsa suka kwaso lokacin da suka ci Kwantagora da yaƙi a 1901. Daga nan ta hau anini, wato ɗaya cikin goma na kwabo, da kwabon da aka fara bugawa a 1907, ta kuma hau tutar Najeriya ta zamanin Turawa daga 1914 zuwa 1960, koriya a cikin jan da'ira, da kambin sarauta a tsakiya. Ɗari, wato rabin kwabo, da kwabon 1959 ma da ita suka fito. Canjin kuɗi na 1973 ne ya kawar da ita.

Hujin tsakiya fa, da rubutun Larabci?

Mutanen da aka kawo wa waɗannan sulalla da wuri suka saba ciniki, kalmar kuɗi ma kanta jam'in wuri ce. Ga riguna da zannuwa da ba kowanne ke da aljihu ba. Huji ya ba da damar a zura su a zare a ɗaura a ƙugu ko a rataya. Yana kuma raba su da manyan sulalla ko a cikin duhu: mai huji ƙarami ne, marar huji shi ne taro zuwa sama. Na kakata guda shida har yau suna zure a wani baƙin zare da ya ƙeƙashe, ban taɓa kwance shi ba.

Larabcin darajar kuɗin kawai yake faɗa, an rubuta shi don mutanen da karatunsu na allo ne. A jikin anini an rubuta cewa ushirin kwabo ne, ɗaya cikin goma, lissafin da duk wanda ya san zakkar hatsi ya gane nan take.

Abu biyu game da waɗannan masu huji da masu tara tsofaffin kuɗi ke ji da su. Aninin 1907 da sanholo aka yi shi, kuma yana cikin sulallan sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure ba, aka koma farin ƙarfe mai ƙwari. Na biyu, Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon Ingila a Janairun 1936 ya yi murabus a Disamba, ba a kai ga sakin sulalla masu kansa a Ingila ba. Amma anini, ɗari da kwabon Afirka ta Yamma na 1936 suna ɗauke da sunansa, domin huji ya cinye wurin hoto, suna kawai ake canzawa a buga.

Anini, ɗari, taro, sisi: nawa-nawa ne?

A lissafin tsohon kwabo na zamanin fam da sule, anini goma kwabo ɗaya. Ɗari rabin kwabo ne, sunan ya samo asali daga wuri ɗari da ake canza shi. Ahu kwabo ɗaya da rabi, taro kwabo uku, sisi shida, nai tara. Ahu da nai lissafi ne kawai, ba su da silan kansu. Kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule biyu fataka ko dala, sule ashirin fam ɗaya. Fam ɗari kuma jaka.

Da naira ta zo, sule goma suka zama naira 1, fam ya zama naira 2, jaka ta zama naira 200. Mutane suka ɗauki tsofaffin sunayen suka liƙa wa sababbin ƙarafa. Kakata har ta bar duniya ba ta taɓa cewa kwabo ashirin da biyar ba. In ta aike ni sayen goro na dawo ina noƙe-noƙe, sai ta miƙo hannu: "Angon ƙarya, ina canjina? Sule biyu da sisi." In na ce, "Kaka, ai an daina sule tun ban zo duniya ba," sai ta ce, "A gidanku aka daina. Kawo."

Ƙarafan sun tafi, sunayen na nan a baki. Wanda aljihunsa ya bushe ya ce ba shi da ko sisin kwabo, ko ba shi da ko anini. Soja ko ɗan sanda in ya samu ƙarin girma a ce an ƙara masa anini.

Me ya sa ba a sa Sardauna ko Tafawa Ɓalewa a silai ba?

Takardu aka ba su: Tafawa Ɓalewa naira 5, Alvan Ikoku naira 10, Murtala naira 20, Awolowo 100, Sardauna 200, Azikiwe 500. An kusa dai. A 2012, Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki, aka sanar da shirin fito da takardar naira 5,000 da mayar da naira 5, 10 da 20 su koma ƙarfe. Jama'a da majalisa suka yi ca, Shugaba Jonathan ya dakatar da shirin. Tsoron mutane ba na banza ba ne: sun ga yadda naira 1 ta mutu a kasuwa bayan ta zama ƙwandala. Sai dai hauhawar farashi ce ta kashe ta, ƙarfen bai yi laifin komai ba.

To me ya sa a Nijar sulalla ke tafiya har yau?

Saboda suna sayen abu. Kuɗin sefa a ɗaure yake da kuɗin Turai, farashi bai gudu ya bar ƙananan sulalla kamar yadda ya yi a Najeriya ba. A Maraɗi ko Damagaram da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5, saboda haka silan sefa 100 dala ashirin ne, sefa 1,000 kuma jika. Sunan dala tsoho ne, daga azurfar nan ta Sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, wadda fatake suka yi ta shigo da ita ta Sahara, kowace da shekarar 1780 a jikinta ko yaushe aka buga ta.

Zanen da ke jikin sulallan sefa na Afirka ta Yamma, wanda wasu ke ɗauka ƙadangare ne ko laya, kifi ne mai baki kamar zarto. Siffar ma'aunin tagulla ce da mutanen Akan na Gana da Kwaddibuwa ke auna garin zinariya da shi, bankin ƙasashen ya ɗauke ta ta zama tambarinsa. Tunda ƙasashe takwas ke kashe kuɗin, ba a sa kan shugaban kowa ba.

Ina da tsofaffin sulalla a gida. Yaya zan gane su, kuma suna da tsada?

Fara da maganaɗisu. Na 1973 da na zamanin Turawa ba sa kama shi. Na 1991 baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, suna ganinsa za su manne. Dalilin canjin kuɗi ne: da naira ta faɗi, tagullar da ke jikin kwabo ta fi kwabon daraja, kuma silan da ƙarfensa ya fi shi tsada ƙarshensa tukunyar maƙeri. Doka dai ta hana: sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun, ga wanda ya lalata takardar kuɗi ko silai.

Batun tsada kuwa, kada wani ya ruɗe ka. Yawancinsu an buga su da yawan gaske, masu tarawa kuma sun fi neman wanda bai goge ba, wanda za ka iya ƙirga gashin bakin Macaulay ko ƙwayoyin masarar. Kuskuren da na yi da farko shi ne na zauna da toka da lemun tsami na dirje wasu kwabbai har suka yi ƙyalli. Wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya ya juya su a hannu ya ce, "Ɗana, ai ka wanke kuɗin tare da dattin." In ƙasa ta kama su, ruwa da ɗan sabulu sun isa, ka shanya su sosai, ka naɗe kowanne a takardarsa don kada su riƙa gogar juna.